AMANAR DA KE CIKIN WAYA: Shin Amfanin Jama'a Na Halatta Taɓa Sirrin Mutum?

 

Zan fara da tona wa kaina asiri, domin wanda zai yi wa jama'a nasiha gara ya soma da laifinsa. A watannin baya na ba ɗalibaina aikin insha'i da Larabci, na ce kowa ya rubuto labarin ranar da ba zai taɓa mantawa da ita ba. Takardu suka taru sun fi 50, ga gajiya, ga jarrabawa ta ƙarato. Sai wani abokin aikina ya nuna mini wata manhaja a waya, wadda in ka ɗauki hoton takarda ka tura mata, nan take za ta fito maka da kurakuran nahawu da na sarfu. Na ji daɗi ƙwarai. Na tura takardu kusan goma kafin na tsaya na karanta ɗaya da idona. Ashe wata yarinya ta rubuta labarin ranar da likita ya faɗa wa mahaifiyarta sunan cutar da ke damunta, cutar da ko maƙwabtansu ba a gaya wa ba. Ga sunan yarinyar da ajinta a saman takardar, ni kuwa na riga na aika da ita zuwa rumbun wani kamfani da ke can wata uwa duniya.

Da na faɗa wa abokin nawa damuwata, sai ya ce, "Haba Ustaz, ai ba mutum ne zai karanta ba, inji ne kawai. Kuma irin waɗannan rubuce-rubuce ne ke sa injin ya ƙara iya Larabci, gobe yaran wasu su amfana." Maganarsa ta hana ni barci, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Daga nan ne tambayar da nake son mu duba a yau ta taso: idan sirrin mutum zai amfani jama'a masu yawa, ta hanyar binciken magani ko gyaran ilimi, shin ya halatta a ɗauka ba tare da an tambaye shi ba?

MECE CE WANNAN NA'URA, KUMA ME TAKE CI?

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba aljani ba ne, kuma ba ya sanin gaibu. Tsari ne na lissafi da ake ɗora wa kwamfuta, a nuna mata misalai dubbai ko miliyoyi har ta gano yadda abubuwa ke maimaituwa. In ana so ta riƙa gane tarin fuka, sai a ba ta hotunan ƙirjin mutane masu yawa, a ce mata wannan yana da cutar, wannan ba shi da ita. In ana so ta yi hasashen ɗalibin da zai faɗi jarrabawa, sai a ba ta sakamakon ɗaliban shekarun baya, da unguwanninsu, da yawan fashinsu. Wato abincinta shi ne bayanan mutane, kuma mafi tsadar wannan abinci a wurare biyu yake taruwa: asibiti da makaranta. A waɗannan wurare biyu ne ɗan Adam ke buɗe abin da yake ɓoyewa a kasuwa, saboda yana neman lafiya ko yana neman ilimi, kuma ba ya cikin halin da zai iya yin gardama da wanda ke gabansa.

Kada wani ya ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. Tun shekarar 2005 kwamfuta ce ke rarraba yaranmu zuwa makarantun sakandare bayan jarrabawar BECE. Katin inshorar lafiya da katin ɗan ƙasa na Gana duk suna ɗauke da bayananmu. A shekarar 2019 kamfanin Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a birnin Akra. Ruwan ya riga ya iso ƙofar gidanmu.

HUJJAR MASU CEWA A ƊAUKA

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren da kyau. A shekarar 1951 wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka da cutar sankarar bakin mahaifa. Likitoci suka yanki ɗan nama daga ƙarin da ke jikinta suka kai ɗakin bincike, ba su tambaye ta ba, kamar yadda aka saba yi a wancan zamani. Ta rasu a wannan shekara tana da shekara 31, ta bar 'ya'ya biyar. Ƙwayoyin halittar da aka ɗiba kuwa suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike har zuwa yau. Da su aka gwada allurar rigakafin shan inna, kuma an yi amfani da su a dubban bincike kan sankara da wasu cututtuka. Iyalinta ba su san da wannan ba sai bayan fiye da shekara 20, alhali kamfanoni na ciniki da ƙwayoyin.

To, mai hujja zai ce: da an tambaye ta ta ƙi fa? Yara nawa ne za su shanye saboda kunyar mace ɗaya? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin gurgu yana jan jiki a bakin masallaci ba zai amsa ta da wasa ba. Amma a lura, hujjar ta ɗauka cewa tambaya tana kashe bincike. Abin da tarihi ya nuna shi ne rashin tambayar ne ya fi kashe shi.

ABIN DA KE BIYO BAYAN CIN AMANA

Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi diddigin baƙaƙen fata kimanin 600 a Tuskegee ta Jihar Alabama, 399 daga cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu sunan cutarsu ba, kuma ko bayan da aka tabbatar penisilin na warkar da ita ba a ba su ba, don masu bincike na son su ga yadda cutar ke cin jiki har ƙarshe. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati. Har yanzu in ana maganar abin da ya sa baƙaƙen Amurka da yawa ke ɗari-ɗari da likitoci, sai an ambaci Tuskegee.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, domin da yawanmu na da dangi a can. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya ta kashe dubban mutane. Kamfanin Pfizer ya je Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, inda ya sa yara kusan 200 cikin gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyaye kuwa suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano kan dala miliyan 75. Sai dai kafin nan wata ɓarnar ta riga ta auku. A 2003, da jita-jita ta tashi game da allurar shan inna, mutane suka tuna da 1996, aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Allurar ba ta da laifi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. A nan Gana ma mun ga yadda aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola da aka shirya yi a Hohoe a 2015, bayan jama'a da 'yan majalisa sun ce ba a yi musu bayani ba.

Ka ga ke nan yardar jama'a ita ce jarin mai bincike. Wanda ya ɗauka ba da izini ba ya ci riba yau, ya bar wa na bayansa bashi, kuma yaran talakawa ne ke biya.

"AI BA A TAƁA JIKIN KOWA BA"

Wani zai ce waɗancan sun taɓa jikin mutane, su kuwa masu kwamfuta takardu kawai suke dubawa. A 2015 asibitin Royal Free da ke Landan ya miƙa wa kamfanin DeepMind, mallakar Google, bayanan marasa lafiya kimanin miliyan 1.6 domin a gwada wata manhaja mai faɗakar da likita in ƙodar majinyaci ta soma lalacewa. Niyyar mai kyau ce. Duk da haka a 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yanke cewa asibitin ya saɓa doka, saboda mutumin da ya zo neman magani bai san za a yi wannan da takardunsa ba.

Wani kuma zai ce ai ana goge sunaye kafin a bayar. A 1997 wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta gwada wannan magana. Jihar Massachusetts ta fitar da bayanan asibiti na ma'aikatanta bayan ta cire sunaye. Ita kuwa ta sayi rajistar masu zaɓe da dala 20, ta haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa, ta zaƙulo takardun asibitin gwamnan jihar kansa, William Weld. In an iya gano gwamna a cikin dubban mutane, yaya ke nan a zango, inda in ka ce "matar mai nama da ke bayan masallaci" kowa ya san wadda kake nufi?

IN NA'URAR TA ZAMA ALƘALI

Akwai fuska ta biyu ga wannan al'amari. Bayanan da aka karɓa a wurinka, gobe da su za a yi maka hukunci. A 2020 annobar korona ta hana a yi jarrabawar ƙarshen sakandare a Ingila, sai hukumar Ofqual ta sa wani tsarin lissafi ya daidaita makin da malamai suka ba ɗalibansu, yana la'akari da sakamakon kowace makaranta a shekarun baya. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin aka rage. Yaro mai ƙoƙari a makarantar da ba ta saba cin jarrabawa ba ya ga an ja shi ƙasa saboda faɗuwar waɗanda suka gabace shi, su kuwa makarantun kuɗi masu ƙananan azuzuwa abin bai taɓa su sosai ba. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, bayan kwana huɗu gwamnati ta janye tsarin. Ya kai malamin makarantar Islamiyya, ka tambayi kanka: da a nan aka yi wannan, ina yaran Nima da Aboabo da Sabon Zango za su faɗa?

A 2019 kuma Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science game da wani tsari da asibitocin Amurka ke amfani da shi wajen zaɓen majinyatan da ke bukatar ƙarin kulawa. Tsarin na auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a baya. Da yake ana kashe wa baƙar fata kuɗi kaɗan, sai na'urar ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken suka nuna in an gyara wannan, rabon baƙaƙe a cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. Ba wanda ya ce wa kwamfutar ta ƙi baƙi. Ta koyi rashin adalcin jiya ne, ta mayar da shi hukuncin gobe, kuma ta yi hakan ba tare da fuskar da za a kalla a kai ƙara ba.

MA'AUNIN AMANA

A ajin sarfu ina koya wa yara cewa kalmar amana da amni (wato kwanciyar hankali) da imani duk tushensu ɗaya ne a Larabci: hamza da mimun da nunun. Ma'anar da ta haɗa su ita ce natsuwar zuciya. Wanda ya ba ka amana ya ba ka natsuwarsa ne, ya kwanta barci don ya san abin na hannunka. Majinyaci bai sayar wa likita labarin jikinsa ba, ɗalibi ma bai sayar wa malami labarin gidansu ba. Ajiya suka bayar domin wata bukata ƙayyadaddiya, shi kuwa mai riƙon ajiya ba shi da ikon ya juya ta zuwa wata bukata, ko da ta alheri ce, sai mai ita ya sani. In na ba ka kuɗi ka ajiye mini, ka gina rijiya da su ba da sanina ba, rijiyar alheri ce, kai kuma ka ci amana. Suratun Nisa'i aya ta 58 ta haɗa umurnin mayar da amana ga masu ita da umurnin yin hukunci da adalci a wuri guda, Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane, Suratun Nuri aya ta 27 kuma ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Takardar asibitin mutum ta fi ɗakin kwanansa sirri.

Wannan ba ya nufin ƙofar ta rufu gaba ɗaya. Malaman hadisi sun faɗi aibin masu ruwaya domin kare ilimi, kuma Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ke halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta tabbatar cewa asali shi ne likita ya rufe sirri, sai dai in rufewar za ta jawo cutar da ta fi ta buɗewa, kamar a lokacin annoba. Amma lalura tana da iyaka, gwargwadonta ake ɗiba. Kwalara ta ɓarke a unguwa lalura ce. Kamfani na son manhajarsa ta riga ta wasu shiga kasuwa ba lalura ba ce. Malami ya gaji da gyaran takardu ma ba lalura ba ce, kuma da kaina nake.

Saboda haka amsar da na tsaya a kanta ita ce: amfanin jama'a dalili ne na a roƙi mutum ya bayar, har a kwaɗaitar da shi ladan bayarwa, amma bai zama lasisin ɗauka a ɓoye ba. Kuma roƙon yana da sharuɗɗa. A yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, domin takardar Turanci mai shafi goma da aka sa tsohuwa ta dangwala wa yatsa ba izini ba ce. A ba shi damar ya ce a'a ba tare da an hana shi magani ko gurbin karatu ba. A ɗebi abin da bukata ta kama kawai, a faɗa masa wanda zai gani da ranar da za a goge. In kuma na'ura za ta yanke wani abu game da lafiyarsa ko karatunsa, lallai a samu mutum mai suna da ofis wanda zai ɗauki alhakin hukuncin, domin kwamfuta ba ta rantsuwa, ba ta tuba, ba a kuma tsayar da ita gaban shari'a.

Duniya ma ta doshi nan bayan ta sha wuya. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun sa yardar mutum ta zama ginshiƙin binciken lafiya, a 2021 kuma ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta kafa hukuma ta musamman, ta wajabta wa masu tara bayanan mutane su yi rajista, ta ba ka haƙƙin ka nemi ganin abin da aka rubuta game da kai kuma ka sa a gyara kuskure. Ta kuma sanya bayanan lafiya da na addini da na yara cikin waɗanda ke bukatar tsaro na musamman. Makarantunmu na Islamiyya ba su fita daga wannan doka ba.

MU DUBA GIDANMU

Yana da sauƙi mu zagi manyan kamfanoni mu manta da abin da yatsunmu ke yi. Sau nawa ake ɗaukar hoton mara lafiya a gadon asibiti, tsirara-tsirara, da takardar gwajinsa, a watsa a WhatsApp da sunan neman taimako, alhali ba a tambaye shi ba? Taimakon zai ƙare cikin mako guda, hoton kuwa na nan har ranar da 'yarsa za ta yi aure. Sau nawa muke manna sakamakon jarrabawa a bango da sunan na ƙarshe a aji? Sau nawa baƙi ke zuwa makaranta da takardun tambayoyi, hedimasta ya tara musu yara saboda an yi alkawarin kwamfutoci, ba wanda ya aika wa iyaye ko da saƙo?

Ba ina kiran mu guji bincike ba ne. In muka ƙaurace, za a ƙera na'urorin da ba su san fatarmu ba, ba su jin Hausa, ba su san cututtukan da ke damunmu ba kamar amosanin jini, sannan a zo a yi mana aiki da su haka nan. Mu shiga, mu ba da gudummawa, wasunmu su karanci wannan fanni su zama masu ƙerawa. Amma duk wanda ya zo da takarda ko waya yana neman bayananka ko na ƙanenka, ka tambaye shi cikin ladabi: wa ya aiko ka, me za a yi da su, wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, kuma in na fasa gobe wa zan gaya wa? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ƙungiyarmu kuma za ta iya zaɓen mutum biyu ko uku masu Turanci da za su riƙa karanta wa iyayenmu irin waɗannan takardu kafin su sa hannu.

Game da ni, washegari na goge abin da zan iya gogewa, na faɗa wa ajin abin da na yi ba tare da ambaton kowa ba. Bayan an tashi na nemi wata malama ta zauna tare da mu, na roƙi yarinyar gafara. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, na yafe. Amma da ka gaya mana za ka tura, da wani labarin na rubuta." Tun daga ranar, in zan yi amfani da irin wannan manhaja sai na sanar da ɗalibai tun kafin su ɗauki alƙalami, ba na tura takarda mai suna, duk abin da ya shafi gida ko lafiya kuwa da jan birona nake gyara shi ko da zan kai asuba.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, ta fili da ta ɓoye, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne.